Mai saka waƙa a rediyo zai iya shekara 50 yana aiki?

Malam, ka tambaya ko mai gabatar da waƙoƙin zamani zai kai shekara 50 bai gunduri jama'a ba. Ƙwarai kuwa, an yi. Annie Nightingale ta shiga BBC Radio 1 a Ingila a 1970, ita ce mace ta farko da ta gabatar da shiri a tashar, kuma tana aiki har rasuwarta a Janairun 2024. Abin da ya riƙe ta, a ganina, kunne ne: ba ta tsaya kan waƙoƙin ƙuruciyarta ba, da tsufanta sabon kiɗan matasa take farauta. Mu nan Jidda, direbobinmu da ke wuni da FM sun san muryar da ta tsaya cik, nan take suke murɗa tasha.