Me ya sa topidona ba ya samun jirgin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga wasannin jiragen saman yaƙi a kwamfuta, War Thunder da IL-2 Sturmovik 1946. Bam ina jefa shi daidai, amma da na saki topido, ko dai ya ɓace da taɓa ruwa, ko ya wuce ta bayan jirgin ruwan. Kwamfutata ce ba ta da ƙarfi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Abin da ya cinye matuƙan gaske a Yaƙin Duniya na Biyu ne yake damunka, domin masu haɗa waɗannan wasannin sun kwafo halin makamin yadda yake.

Topido ba bam ba ne. Inji ne mai farfela da na'urar riƙe hanya, kuma sai ya shiga ruwa lafiya kafin ya fara aiki. Ka sake shi daga can sama ko kana tsananin gudu, sai ya karye ko ya nutse. Samfurin farko na topidon Mark 13 na Amurka, daga tsayin mita 15 ake sakinsa, jirgi na gudun kusan kilomita 200 a awa. Sai zuwa 1944, bayan an sa masa zoben katako a kai da wani zobe a wutsiya, aka iya sakinsa daga sama da mita 700. Saboda haka kafin ka tashi, karanta bayanin topidon da ka ɗauka, kowanne da iyakarsa. Ka kuma leƙa saitin wasan, don da yawa agogon tsayin jirginsu da ma'aunin ƙafa yake nunawa, su kuwa suna zaton mita ne.

Batun wucewa ta baya kuwa lissafi ne, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Mark 13 yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Idan ka sake shi daga nisan mita 1,000, sai ya yi kusan minti ɗaya a hanya. Jirgin ruwan da ke gudun kilomita 37 a awa ya riga ya matsa mita 600 a wannan mintin. Wato in ka auna jikinsa, kumfar bayansa kawai ka auna. Ka auna gabansa, inda zai je, kuma ka fito masa ta gefen goshi. Matsowa kusa tana rage kuskure, sai dai kada ka manne masa, domin topido sai ya ɗan yi tafiya cikin ruwa kafin kansa ya ɗanu. In ya isa da wuri, ƙwanƙwasa ƙarfe kawai zai yi.

A daƙiƙun ƙarshe fukafukai su daidaita, hanci ya miƙe. Idan sandar tuƙinka tana rawa, faɗaɗa mata wurin da ba ta amsawa a tsakiya, ka rage kaifin amsawarta. Ni a ganina yin wannan harin da madannan kibod wahalar da kai ne.

Sauran magana ita ce bindigogin kakkaɓo jirage. Tafiya ƙasa-ƙasa, a hankali, a miƙe, ai ka zama nama. A yaƙin Midway tsakanin Amurka da Japan, ran 4 ga Yuni 1942, jiragen saman Amurka masu ɗauke da topido, samfurin Devastator, 41 ne suka fita, 6 suka dawo, ba topido ɗaya da ya yi ɓarna. Don haka kada ka je kai kaɗai. Ku rabu biyu da abokan wasanka, wasu ta dama da goshin jirgin, wasu ta hagu, duk inda ya juya ya ba wani gefensa. Kuma ba dole sai ka nutsar da shi ba: ran 26 ga Mayu 1941, topido daga tsohon jirgin saman Ingila Swordfish ne ya maƙale sitiyarin Bismarck, babban jirgin ruwan yaƙin Jamus, washegari jiragen ruwan Ingila suka ƙarasa ta.

Ka fara gwaji da jirgin dakon kaya da ke tsaye, sannan mai tafiya a hankali, kana kallon maimaicin wasan bayan kowane hari don ganin inda topidon ya bi.