Tambaya da Amsa: Za mu je yawon buɗe ido Japan, in yi guzurin kilishi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano. Ni da maigidana mun biya kuɗin tafiyar rukuni ta kwana takwas zuwa Japan a watan Nuwamba, da ɗan jagora, za a zaga da mu Osaka da Kyoto da Nara. Biza ta fito. Abin da ya hana ni barci abinci ne, don an ce mini komai nasu da alade ko giya. Maigidan yana da ciwon suga, ba ya jure yunwa. Ƙawayena sun ce in yi guzurin kilishi da dambun nama a ledar da aka zuƙe wa iska, wai ba mai tambaya. Sannan sallah fa? Na ji an ce motar rukuni ba ta jiran kowa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya. Damuwarki tana kan hanya, amma shawarar ƙawayen nan ita ce ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara.

Kada ki saka kilishi a jaka. Kada ki saka dambun nama, ko soyayyen naman layya, ko ganda, ko tsire, ko dafaffen ƙwai. Dokar Japan ta hana matafiyi shiga da nama da duk abin da aka yi da nama in babu takardar shaidar binciken lafiya daga gwamnatin ƙasar da ya fito, kuma daga yawancin ƙasashe ko da takardar ma ba ya shiga. Dokar ba ta ware busasshe ba, ba ta ware dafaffe ba, ba ta ware wanda aka liƙe a leda ba. Ko naman da kika saya a shagon filin jirgin Dubai ko Doha, ko ragowar abincin da aka ba ki a cikin jirgi, duk hukuncinsu ɗaya. Tun watan Yulin 2020 aka tsananta horon: ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3, ko tarar da za ta iya kaiwa yen miliyan 3. Jami'an killace dabbobi suna da ikon tsayar da ke, su yi miki tambayoyi, su buɗe jakarki, su zubar da abin da suka samu.

Kusan kullum sai na ji wannan magana ta "ai busasshe ne", kuma wallahi ta ishe ni. Wanda yake faɗa miki haka yawanci Jidda ya sani, ko Dubai, ko Guwanzu, ya wuce da ƙunshin kilishinsa sau biyar ba a ce masa uffan ba, sai ya ɗauka ko'ina haka ake. Wani ejan ɗin ma da bai taɓa taka Japan ba shi ne zai ce miki "ki naɗe a cikin zani, na'ura ba ta gani". Ba na'ura kaɗai ke aikin ba. A wurin ɗaukar kaya a filin jirgin Kansai da ke kusa da Osaka karnuka ne ke zagayawa, 'yan ƙanana masu faɗin kunne, sanye da riga, jami'i na riƙe da igiyarsu. Ba sa haushi, ba sa cizo. Kare zai sunsuna jakarki, ya zauna a gefenta, shi ke nan magana ta ƙare. Kilishi kuwa da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, ko mutum yana jin ƙanshinsa daga nesa, balle karen da aikinsa ke nan tun yana ɗan kwikwiyo.

Na taɓa raka wani rukuni, wani dattijo a cikinmu ya ɓoye dambun nama a gwangwanin madara, ya naɗe da hula. Na tambaye su tun a gida, kowa ya ce babu. Kare ya zauna a gaban jakarsa. Aka kai shi teburin bincike, aka baje kayansa a gaban jama'a, aka karɓi fasfonsa aka rubuta bayanansa, aka ba shi takardar gargaɗi ya sa hannu. Mu kuwa muna tsaye da direban bas sama da awa ɗaya. Ba a ɗaure shi ba, alhamdulillahi, amma har muka dawo bai sake sakin jiki ba, kuma sunansa yana nan a rubuce wurinsu. Mutumin kirki ne, ba ɓarawo ba, ba ɗan ƙwaya ba. Shawarar banza ce ta ja masa wannan tozarci.

Kada kuma ki ɗauka ƙin baƙi ne ko ƙin Musulmi ya kawo dokar. Ɗan ƙasar da ya dawo daga tafiya ma ita ke kansa. A 2010 cutar ƙafa da baki, wadda makiyayanmu ke kira ɓoru, ta ɓarke a lardin Miyazaki, sai da aka hallaka shanu da aladu wajen 290,000 kafin a shawo kanta. Ƙwayar irin waɗannan cututtuka tana iya rayuwa a cikin nama, har wanda aka shanya ko aka sa wa gishiri. Japan tsibiri ce, cutar ba ta shigar musu da ƙafa, sai a jakar matafiyi ko kayan da aka shigo da su. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani tsaye a kan garkensa cuta ta ci rabi, ya san abin da suke gudu. Ke kuma Hajiya, takardar kwastan da za ki cike tana tambaya ƙarara ko kina ɗauke da nama ko tsirrai. In kika ce babu alhali akwai, kin yi ƙarya da sa hannunki, don loma biyu. Ba girmanki ba ne. In kuwa aka yi mantuwa wani abu ya saura a jakar hannu, ki kai shi da kanki teburin killace dabbobi kafin ki isa kwastan, su karɓa su zubar. Goro da dabino da kayan lambu su ma suna da nasu teburin na tsirrai, ɗanyen kayan marmari yawanci ba ya wucewa. Abin da kike shakka a kansa ki nuna, kada ki ɓoye.

Maganin Alhaji ya taho da shi a kwalinsa na asali, da takardar likita da Turanci. Na wata ɗaya yana shiga ba tare da neman izini ba. Amma ku bar maganin tari mai kodin a gida, haka wasu magungunan mura da ake saya kai tsaye a kemis, don akwai sinadaran da dokarsu ta tsananta a kai.

To me za ku ci? Ba za ku kwana da yunwa ba. Gaskiya ne romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba giyar shinkafa da wata mai zaƙi da suke kira mirin a miya da yawa, har a kan gasasshen kifi. Amma Osaka da Kyoto sun saba da baƙi daga Malesiya da Indunusiya, akwai gidajen abinci na halal, har da masu ramen da gasasshen naman sa. Abin da za ki yi yau, ba sai kun sauka ba: ki rubuta wa kamfanin tafiyar cewa ku biyu ba alade, ba giya a girki, nama sai na halal, in babu a ba ku kifi ko ganye. Ki nemi amsa a rubuce. Abincin rukuni tun da kwanaki ake ba da odarsa, kuma mai gidan abinci a can ba ya son a sauya masa tsari a kan tebur. In kika bari sai an ajiye faranti, ɗan jagora zai ba ki haƙuri ne kawai. Ki haddace wannan alama: 豚. Ita ce alade, za ki gan ta a bayan leda. Ƙananan shagunan da ba sa rufewa dare da rana suna ko'ina, za ki sami dafaffen ƙwai, ayaba, gyaɗa, madara, da dunƙulen shinkafa mai gishiri. Alhaji ya riƙa yawo da alewa ko ɗan lemo a aljihu, saboda tafiyar ƙasa a Kyoto tana da yawa. Hawa zuwa ɗakin ibadarsu na Kiyomizu tudu ne, na Fushimi Inari kuwa matakala ce ke bin dutse a ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofi. Ba dole ya kai ƙololuwa ba, ya zauna a ƙasa ya jira.

Sallah ta fi sauƙi fiye da yadda kike tsammani. Filin jirgin Kansai yana da ɗakunan sallah da wurin alwala. Ku matafiya ne, ki tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ku tashi, don a Nuwamba rana tana faɗuwa a Kyoto wajen ƙarfe biyar saura, azahar da la'asar da magariba a matse suke. Ki lura da alƙibla. Mu nan mun saba cewa "fuskanci gabas", a can kuwa Makka tana yamma, da ɗan karkata arewa. Na ga mutanenmu sun shimfiɗa darduma sun kalli mafitar rana saboda sabo. Ki sa manhajar alƙibla a waya. Ki gaya wa ɗan jagora tun da safe kuna buƙatar minti goma bayan abincin rana, zai nuna muku lungu. Kada ki wanke ƙafa a kwanon wanke hannu na banɗakin jama'a, abin yana ɓata musu rai sosai. Ku yi alwala a otal. Tsarki kuwa ba matsala, yawancin masansu suna da maɓallin fesa ruwa. In akwai ranar hutu a jadawalin, ku shiga jirgin ƙasa zuwa Kobe, kamar rabin awa daga Osaka. Masallacin can tun 1935 yake tsaye, shi ne mafi daɗewa a ƙasar, ya tsira daga ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995, kuma akwai shagunan halal a kewayensa.

Wuraren da za a kai ku da yawa ɗakunan ibadarsu ne. Ba wanda zai tilasta miki rusunawa ko kaɗa ƙararrawa ko jefa kuɗi. Ki tsaya gefe da mutunci, in ma ba ki son shiga ki faɗa. Inda aka ce a cire takalmi a cire, don haka ki sa safa mai tsabta da takalmin da ba shi da igiya.

Batun mota gaskiya aka gaya miki. In an ce ƙarfe tara, ƙarfe tara bas ke tashi, ki iso saura minti goma. Ki ɗauki hoton lambar bas ɗin, ki riƙe lambar wayar ɗan jagora da katin otal. Fasfo ya zauna a jikinki kullum, doka ce, ɗan sanda yana iya nema. Ba a ba da goron aiki, kada ki cusa wa ma'aikaci kuɗi a hannu. Kwandon shara yana wuyar gani a titi, ki riƙe leda a jaka. A unguwar Gion ta Kyoto an hana baƙi shiga wasu lungunan masu gida, kuma ɗaukar hoto a cikinsu yana jawo tara, ki bi bayan tutar ɗan jagora kawai. A Nara kuwa barewa sama da dubu ke yawo a sake cikin jama'a, suna fizgar takarda da leda, suna jan bakin mayafi. Ki ba su biskit ɗin da ake sayarwa dominsu kaɗai, in ya ƙare ki buɗe tafin hannunki su gani, za su rabu da ke.

In kin riga kin sayi kilishi, ki ɗauki ɗan abin da za ku ci a hanya, ku cinye shi tas kafin jirgi na ƙarshe ya sauka. Ledar ma ki miƙa wa ma'aikaciyar jirgi, ki zazzage jakar hannunki da aljihun rigar Alhaji kafin ku tashi daga kujera.