Na'urar cire yanar ido za ta ƙona idon mahaifina?

Tambaya: Likita, za a cire wa mahaifina yanar ido, kuma na ji an ce da zafi na'urar ke narkar da ita. Ba za ta ƙona masa ido ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Na'urar da muke kira fako, wadda likitan ido Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967, siririyar allura ce mai karkarwa kusan sau 40,000 a daƙiƙa guda. Karkarwar ce ke farfasa yanar, a zuƙe ta ta ɗan yankan da bai wuce milimita 3 ba. Zafin daga gogayya yake tasowa, shi ya sa ruwa ke gudana kewaye da allurar yana sanyaya ta.

Idan ruwan ya toshe, nan ne matsala: bakin yankan ya yi fari, ya tattare, ya ƙi rufuwa sai da ɗinki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Ni kaina na fi taka-tsantsan da yanar da ta daɗe ta yi tauri, don ta fi cin ƙarfin na'ura. Kada ku bar Baba yana jira wai sai ta nuna.