Fitilar ƙari a Hilux: tana kamawa da gajeren haske, tana mutuwa da dogo

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Tsohuwar Hilux nake ja, ina yawan tafiyar dare a hanyar ƙauye. Na sa doguwar fitilar LED mai wat 240 a saman mota, mai rewaya ya haɗa mini rile (ɗan akwatin nan da ke buɗe wa fitila wutar batir) da makunni a dashbod, da nufin ta riƙa kamawa tare da dogon haske. Amma abin ya juye: in na sa gajeren haske sai ta kama, ina ɗaga dogo sai ta mutu. Ga shi fiyus mai lamba 15 ya ƙone sau biyu. Yaron shagon ya ce a naɗa waya a gurbinsa a huta. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Da farko, kada ka yarda a naɗa wayar nan. Fiyus yana ƙonewa ne don kada waya ta ƙone, in ka cire shi to motar ce za ta ci wutar.

Matsalolinka biyu ne, kuma ba su da alaƙa da juna. Ta fiyus lissafi ce kawai. Raba wat da bolt: 240 a raba da 12, amfiya 20 ke nan. Ka ɗora wa fiyus mai 15, wato shuɗin nan, kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin lura shi ne lokacin da yake ɗauka kafin ya tafi. In sai fitila ta yi 'yan mintuna tana ci sannan ya narke, nauyi ne ya yi masa yawa. In kuwa kana taɓa makunni ya ce fat, waya ce ta goge ta taɓa bodi, sai ka bi ta da hannu, musamman inda ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, da inda ta hau gefen gilashi zuwa sama. Idan nauyi ne, sa fiyus mai 25 ko koren nan mai 30, amma sai bayan ka tabbatar wayar za ta ɗauka. Ga tafiya mai tsawo har saman mota ni waya mai kaurin 4mm² nake sa wa, kuma fiyus ɗin ya zauna dab da kan batir, ba can kusa da fitila ba.

Juyewar hasken kuwa, nan ne Toyota ke kayar da masu rewaya da dama. Juya rilenka ka duba ƙasansa, za ka ga lambobi: 30, 87, 85, 86. Lamba 30 daga batir take ta cikin fiyus, 87 ta tafi fitila. Su 85 da 86 na ɗan kwayil ɗin ciki ne, wanda ba ya shan ko rabin amfiya, shi ya sa ƙaramin makunni ke iya sarrafa babbar fitila ba tare da ya yi zafi ba. A yawancin motoci, in ka ɗaga dogon haske wuta ce ke shigowa wayarsa, don haka mai rewaya kan ɗauki 86 daga nan, ya ɗaure 85 a bodi, shi ke nan. Amma tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa ta ɓangaren negatif suke kunnawa. Ƙwan fitilar gaba, irin wanda ake kira H4, ƙafa uku gare shi. Ɗaya tana da wuta muddin fitila na kunne, sauran biyun kuma makunnin sitiyari ne ke haɗa su da bodi, ko ta gajere ko ta dogo. To lokacin da kake kan gajere, wayar dogo tana zaune da bolt 12 da ya biyo ta cikin zaren ƙwan, sai rile ya ɗauka ya ce ƙyas. Kana ɗaga dogo wayar ta koma sifiri, rile ya saki. Abin da kake gani ke nan daidai.

Gwada da kanka. Saƙala wayar testa, wato 'yar fitilar gwajin wuta, a bodi, ka taɓa ƙafafun soket ɗin ƙwan ɗaya bayan ɗaya, wani yana canja maka haske. Wadda take da wuta a gajere da dogo duka, ita ce uwar. Wadda ke mutuwa in an ɗaga dogo, ita ce ta dogon haske. Sai a cire 85 daga bodi a kai ta wannan ta biyun, a ɗauko wuta daga uwar ta bi ta makunninka zuwa 86. Waya biyu kacal za a sauya wa wuri.

Tunda an buɗe bonet, duba inda aka ɗaure baƙar wayar fitilar. Na sha ganin an maƙala ta a kariyar ɗora kaya ta saman mota, kan fenti da tsatsa, sai fitila ta riƙa ƙyaftawa a gargada. A dawo da ita kan negatif na batir, ko a kankare ƙarfe ya yi fes a ɗaure da noti. Haɗin da aka murɗa da hannu aka lulluɓe da salatif ma a warware shi, a matse da kan waya na ƙarfe.

In gyaran ya yi, fitilar za ta mutu da kanta duk sanda ka sauke haske don mai tahowa. Gwada haka a jikin bango da daddare kafin ka hau titi.