Ko Mai Tace Bidiyo Yana Bukatar Furosesa Biyu?

Kabiru, ka tambaye ni ko ya dace mai ɗaukar bidiyon bikin nan na Ƙofar Ƙaura ya sayi kwamfuta mai furosesa biyu (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi), tunda yana kukan tasa tana daskarewa idan ya buɗe manhajoji da yawa. Da farko ka raba masa abu biyu da masu saye suke cakuɗawa. Furosesa ɗaya mai ƙwayoyin aiki da yawa, waɗanda muke kira kor, daban yake da furosesa biyu da aka dasa kowanne a gurbinsa a kan madabod ɗaya, wato babban allon da ake dasa sassan kwamfuta a kai, irin furosesan Xeon ɗin da ke cikin kwamfutocin HP Z840 ko Dell Precision T7910.

Biyun ba sa ninka gudu yadda ake zato. Kowannensu yana da nasa ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, kuma duk lokacin da ɗaya ya nemi abin da ke ajiye a ɓangaren ɗan'uwansa sai an sami jinkiri, saboda haka ribar ba ta fitowa sai a aikin da yake rabuwa, kamar fitar da dogon bidiyo bayan an gama tace shi. Wajibi ne su zama samfuri ɗaya, ya fi kyau kuma a raba musu ram daidai, sannan ka tuna cewa Windows Home furosesa ɗaya kawai yake gani, sai an sa Windows Pro. Tsofaffin Xeon ɗin nan ma ba sa cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su, alhali Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoba 2025.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta da zafi. Akwatin wutar Z840 wat 850 ne ko 1125; ba kullum kwamfutar take jan duka ba, amma ƙaramar inbatar shago ba za ta riƙe ta ba, ga zafin Afrilu a Katsina, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Gobe ka je shagonsa, ka buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna nauyin da ke kan ram da furosesa, yana tsakiyar aiki. Idan ram ne ya cika, wanda shi nake zargi, ka ƙara masa shi ya kai gig 32, ka musanya masa hard disk ɗinsa da SSD, ma'ajiyar da ta fi sauri. Idan kuwa furosesa ne yake maƙale a kashi 100 na tsawon sa'o'i, ka dawo mu lissafa masa kuɗin batir da sola kafin mu yi maganar injin.