Tambayoyi da Amsoshi: Katirij Mai Tsada da Allurar Garmaho

Tambayoyin wannan makon sun karkata ne kan katirij, wato ɗan akwatin nan da ke bakin hannun garmaho, mai riƙe da allurar da ke bin tsagin faifai.

Tambaya daga Kaduna: Na sayi katirij Denon DL-103 na ɗaura, amma sauti ya koma ƙasa-ƙasa, sai na ƙure murya sannan a ji, ga kuma wani shuu a bayansa. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Malam, da wuya laifin katirij ɗin ne. Iri biyu ake da su. A samfurin MM, ɗan maganaɗisu ne ke motsi a gindin tsinken allura, yana fitar da wuta kamar milibolt 3 zuwa 5. A samfurin MC kuwa naɗin waya ne ke motsi, kuma abin da yake fitarwa kaɗan ne ƙwarai. DL-103 MC ne, milibolt 0.3 kacal yake bayarwa. Ramin da aka rubuta Phono a bayan yawancin amfilifaya an yi shi ne don MM, yana ƙara ƙarfi da kimanin dB 40, alhali naka na bukatar wajen 60.

Duba bayan amfilifayar ko akwai maɓallin MM/MC. In babu, sai ka nemi na'urar fono ta daban (ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin wutar katirij) mai karɓar MC, ka fara da lodi, wato juriyar wutar da ake saitawa a jikinta, na om 100 kana ƙarawa har kunnenka ya gamsu, ko ka sa ƙaramin taransifoma mai ninka wuta sau 10 a gaban ramin MM ɗin. Nauyin da allurarsa ke so giram 2.5 ne, kuma robar da ke riƙe tsinken allurar na da tauri, don tun shekarun 1960 aka ƙera shi domin gidan rediyo a Japan. A siririn hannu maras nauyi ba ya sakewa. Kada ka bari mai gyara ya gwada shi da mita, wutar batirin mita na iya lalata naɗin da ya fi gashi siranta.

Tambaya daga Maraɗi: Na sa Ortofon 2M Black a garmahon da na gada wurin mahaifina. Waƙar farko tas take fita, amma ta ƙarshe a kowane gefe sai murya ta riƙa tsagewa, musamman a harafin "s".

Amsa: Hajiya, akwai dalili. A bakin faifan LP, wato babban faifai mai waƙoƙi da yawa, tsagi na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya bai fi 20 da ɗoriya ba. Ke nan sauti ya cunkushe a ɗan wuri, kuma duk wani kuskuren ɗauri a nan yake tonuwa. Allurar 2M Black samfurin Shibata ce, siririya mai shiga lungun tsagi sosai. Irinta na cikin waɗanda suka fi iya karanta waƙar ƙarshe, ita ce kuma ba ta yafe karkata ko kaɗan. Mai arha, mai mulmulallen baki, ta fi ta haƙuri.

Ki fara da tabbatar da cewa garmahon a daidai yake zaune, da ɗan ma'aunin ruwa irin na magina a kan farantin. Sai ki mai da Anti-skating, wato maɓallin da ke hana hannun jawuwa zuwa tsakiyar faifai, sifili, ki murza dunƙulen nauyi na bayan hannu har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Daga nan ki sa nauyin da ke rubuce a takardar katirij ɗin, ki tabbatar da ƙaramin sikelin dijital mai auna 0.01 na giram, a tsayi ɗaya da faifai. Lambobin jikin dunƙulen ba abin dogaro ba ne a tsohon garmaho. Mutane da yawa na rage nauyi wai don tausaya wa faifai. Wannan kuskure ne: allurar da ba ta danne ba tsalle take yi a cikin tsagi tana ƙwarzanar bangonsa, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi.

Sai babban aikin, daidaita kusurwa. Ki buga takardar awo ta tsarin Baerwald a girmanta na ainihi, ki gwada da rula don firinta kan rage girma. Tana da ɗigo biyu, a milimita 66 da kuma 120.9 daga tsakiyar faifai. Ki sassauta kusoshin biyu, ki riƙa matsar da katirij gaba ko baya har allura ta sauka daidai a kowane ɗigo, tsinken kuma ya bi layin takardar. Tsinken za ki kalla, ba akwatin ba, domin wani lokaci yakan ɗan kauce. In garmahon Technics SL-1200 ne aiki ya yi sauƙi, milimita 52 ne daga wuyan abin riƙe katirij zuwa bakin allura. Ki ɗaure kusoshin a hankali, ki sake auna nauyi, sannan ki mai da Anti-skating daidai da lambar nauyin. Ki leƙa wayoyin ma: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama.

In an yi duk wannan amma wasu faya-fayan na tsagewa wasu ba sa yi, to tsohuwar allura ce ta riga ta cinye su. Wannan ba shi da magani.

Tambaya daga Zariya: Yaushe ake canza allura, kuma da me ake wanke ta?

Amsa: Da awa ake lissafi, ba da shekara ba. Kamfanin Audio-Technica na ƙiyasta awa 500 ga mai mulmulallen baki, 300 ga mai siffar ƙwai, 800 ga Shibata, 1,000 ga MicroLine, wadda ita ma siririya ce. Mai sauraron faifai biyu kullum zai cinye awa 300 cikin wata bakwai zuwa takwas. Wannan lissafi ne na faifai mai tsabta, a wurinmu kuwa ƙurar hunturu na rage shi, don busasshiyar iska na sa faifai ya riƙa janyo ƙura, ita kuma ƙurar yashi ce mai goge lu'ulu'un da ke bakin allura. A share faifai da burushin kabon kafin kowane sauraro, a mai da shi rigarsa nan take.

Ita allura, ɗan burushinta busasshe ya isa, ana ja daga baya zuwa gaba kawai, ba gefe-gefe ba. A guji sifirit, yana iya narkar da gam ɗin da ke riƙe da lu'ulu'un ko ya haura tsinke ya ɓata robar ciki. Robar nan zafi ma na tsufar da ita, saboda haka a nisanta garmaho da taga. In ka ga cikin katirij ya kusa taɓa faifai, ta saki ke nan.

Ga mai MM canji ba wuya, a zare a soka sabuwa. Allurar 2M Blue ma na hawa jikin 2M Red. Mai MC kuwa sai ya aika waje a sake dasa masa, ko ya yi musaya da kamfani ya cika kuɗi. Wanda ba shi da hanyar aikawa, MM mai kyakkyawar allura ya fi masa.

Tambaya daga Kumasi: Zan iya sa tsoffin faya-fayai masu juyi 78 a minti da allurar LP?

Amsa: A'a. Tsaginsu ya ninka na LP faɗi wajen sau uku, siririyar allura za ta faɗa ƙasan tsagi ta yi ta kwasar ƙara, ta kuma lalace da wuri. Nemi katirij na daban mai allurar 78, mai faɗin baki kimanin maikiron 65, a kan abin riƙonsa na daban don sauƙin musaya. Kuma kada sifirit ya taɓa irin waɗannan faya-fayan, narkar da su yake yi.