Amsa ga ƙaninmu da ya gaji da koyon ɗinki

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce koyon ɗinki ya gundure ka saboda kullum abu ɗaya ake maimaitawa, amma da zarar ka buga tikitin cacar ƙwallo ko ka shiga sabuwar harkar mainin, wato danna waya don tara kuɗin kirifto, sai ka ji ranka ya dawo, kuma kana tambaya ko laifi ne mutum ya bi abin da ke faranta masa rai.

Na daɗe ina riƙe da shagon ɗinki a Jekadafari, a nan Gombe, kuma abin da na gani a wurin yaran da suka wuce ta hannuna shi ne, zumuɗin jira ya fi kuɗin kama su. Yaro yana kan keke, hannunsa na kan yadi, amma hankalinsa yana wurin wasan da ake bugawa a Ingila. Idan ya ci sai ya ƙara zubawa, idan aka cinye shi sai ya ce wasa ɗaya ne kawai ya yanke masa tikiti. Wannan "saura ƙiris" ɗin shi ne ƙugiyar. Da shi MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara a intanet, ta ja mutane, ta yi musu alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, sannan ta rufe asusunsu a Disambar 2016. Da shi matasanmu suka kwashe watanni suna danna waya a manhajar mainin ta Hamster Kombat a 2024, da aka zo rabo abin da yawancinsu suka samu bai taka kara ya karya ba. Caca kuwa, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta riga ta yanke hukuncinta.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda wannan ɗabi'a take cinye juriya, har yaro ya kasa zama ya farke ɗinkin da ya karkace ya sake shi. Alhali a irin wannan zaman ne zuciya take ƙarfi, kuma Annabi (SAW) ya faɗa mana cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne.

Ka goge manhajojin nan daga wayarka, ka shiga adashe don kada kuɗi ya riƙa kwana a hannunka. Makonnin farko za ka ji komai ya yi maka salam, kada hakan ya tsorata ka. Sannan ka roƙi maigidanka ya fara koya maka yanka tun kafin aikin Sallah ya taso, domin idan dare ya fara raba ku a shago ba zai sami lokacinka ba.